Tikiti muna biya, lissafin muke son gani

A ƙauyen gwaggota, can tsakanin duwatsun Adar, akwai shato na ruwa da aka gina shekarun baya, da faifan sola da famfo huɗu a cikin gari. Ranar da aka buɗe shi an yi kiɗa, manya sun zo da motoci, an yanka rago. Daga ranar kowace mace ta riƙa biyan dala biyar a kan kowace jarka. Bara injin da ke jawo ruwan ya tsaya. Mai gyara ya zo, ya duba, ya faɗi kuɗin abin da za a sauya. Aka ce kwamitin ruwa ya buɗe akwati. Abin da aka tarar a ciki bai kai kuɗin motar da za ta kawo kayan ba.

Wata bakwai famfunan nan suka yi a bushe. Gwaggo, mace mai shekara kusan sittin, ta koma tashi tun kafin asuba ta bi jaki zuwa rijiyar bakin ƙorama. Jikokinta mata biyu suka riƙa makara lakkwal, daga baya babbar ta daina zuwa kwata-kwata. Da na je gaishe ta na tambayi dattijan kwamitin ina littafin da ake rubuta kuɗin. Ɗaya ya ce yana hannun wane, wane ya ce ɓera ya ci, na uku ya ce, "Kai yaro, don ka yi boko sai ka zo ka tuhumi iyayenka?" Ban ce kowa ya ci kuɗi ba, kuma har yau ba ni da shaidar haka. Wata ƙila an ranta wa wani da matarsa ta kwanta ciwo, wata ƙila an yi hidimar baƙi da su. Abin da na sani, mata sun biya dala biyar sau dubbai, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa gabansu ya karanta musu abin da ya shiga da abin da ya fita.

Na kawo labarin nan ne don ciwon da ya kashe famfon gwaggo shi ne ke cin manyan garuruwanmu, Madawa da Buza da Keita. Muna biya, ana gini, abin ya lalace, ba kuɗin gyara, ba kuma wanda ya ga lissafi.

Mu fara da abin da muke da shi, don kada wani ya ce mana talauci ne kawai. A ƙidayar 2012 gundumomin nan uku sun haura mutum miliyan 1 da dubu 300, kuma kowa ya san yau mun fi haka nesa. Babbar hanyar ƙasa da ta haɗa Yamai da Maraɗi da Damagaram ta ratsa tsakiyar Madawa. Fadamar Tarka ruwanta kusa yake, shi ya sa rani bai hana noma. Duk wanda ya tsaya bakin kwalta a watan Maris ko Afrilu ya ga manyan motoci jere, ƴan dako na loda buhunan albasa daga Sabon Gida da Tunfafi da Arewa, wasu kuma daga Tamaske a ƙasar Keita. Albasar nan da duniya ta sani da sunan Galmi, ita ce ake ci a Akra da Kumasi da Abijan. Ga tabarmar kaba ta Madawa, ga dabbobi, ga kuɗin da ƴan bida ke aikowa daga Kodebuwa da Libiya da Aljeriya da Najeriya. Kowane buhu da aka loda akwai abin da aka karɓa a kansa. Mai rumfa yana biyan tikiti ranar kasuwa, mai kabu-kabu yana biya, mai amalanke yana biya, mahauci yana biya a kan abin da ya yanka, mai sayen fili yana biya, maigida kuma yana biyan lanho na kansa da na iyalinsa.

To yanzu mu duba rayuwar mai biyan. Ina magana a kan ƙananan abubuwan da ke sa gari ya zaunu: kwatar da ruwa zai bi in an yi sama, wurin zuba shara da wanda zai kwashe ta, makewayi a kasuwa wanda mace za ta iya shiga ba tare da ta toshe hanci ta ɗage zane ba, fitila a kan titin da ke zuwa likita, mayanka mai ruwa, inuwa da benci a tasha, filin da yara za su buga ƙwallo wanda ba a yanka shi an sayar ba. Kowa ya ɗauki unguwarsu ya auna ta da wannan jerin. Ni dai tawa, in damina ta kama, ruwa kwanciya yake a lungu har ya yi kore, sauro ya samu gida, kuma daga Agusta zuwa Oktoba sai ka ga uwaye sun cika likita da ɗiya masu zazzaɓi. Ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka tana aiki a Madawa tun bayan yunwar 2005, tana jinyar yara masu tamowa da masassarar cizon sauro. Mun gode musu. Amma ai kunya ce a ce baƙo ya zo daga wata duniya yana jinyar ɗiyanmu shekara da shekaru, mu kuwa mun kasa yashe kwatar da ke haifar da sauron.

Akwai masu cewa mutanenmu ne ba su son aiki, sai dai a yi musu. Wanda ya faɗi haka bai san tarihin ƙasar nan ba. A 1975 aka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya, ƙasar Buza, tare da ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji, don tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. Manoma suka ba da gefen gonakinsu, suka tsare itatuwan daga awaki, har layukan suka kai ɗaruruwan kilomita. A 1984, shekarar da fari ya gigita ƙasa, aka buɗe babban aikin Keita da kuɗin Italiya, tare da hukumar FAO da hukumar abinci ta duniya. Maza da yawa sun tafi bida, saboda haka mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin. Su suka ɗauko duwatsu a ka, suka jera su a kan fako, suka haƙa ramuka a jikin tudu, suka dasa miliyoyin itatuwa, ana biyansu da abinci. An yi madatsun ruwa, an yi hanyoyin karkara, an haƙa rijiyoyi. Har yau ɗaliban aikin gona daga ƙasashe daban-daban suna karanta labarin Keita. Kakanninmu mata ne suka yi shi, da hannu, cikin rana.

Sai dai tambayar da ba mu cika son yi ba ita ce, mi ya faru bayan masu kuɗin sun tattara sun tafi? Madatsa ba ta zama yadda aka gina ta. Kowace damina ƙorama na kawo yashi, tana cike ta kaɗan-kaɗan, ruwa na cin gefen bango, waya na tsinkewa duwatsu su zube. In ba a yashe ba, ba a liƙe ba, wata rana sai ruwa ya fasa ya wuce da gonakin da ke ƙasa. Hanyar laterit ma haka take, tana son a bi ta da ƙasa bayan kowace damina. Mai ba da tallafi yana ba da kuɗin gini. Kuɗin gyara na shekara ashirin masu zuwa namu ne, kuma ba mu taɓa zama muka ce ga aljihun da za su fito ba. Mu kan jira abin ya mutu, sai mu rubuta takarda muna neman wani sabon froje ya zo ya sake gina shi.

Hukuma ma ta fi son sabon gini, don shi ake yanka wa ƙyalle a nuna a talabijin. Mun ga yadda aka yi da bikin 18 ga Disamba mai zagayawa: Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018. An zuba kwalta da fitilu a manyan biranen jihohi, kuma ba na baƙin ciki da abin da Tawa ta samu, babban birninmu ne, can da yawanmu muka yi jami'a. Amma garuruwa irin Buza da Keita da Madawa ba su cikin layin bikin. Sun fi ƙarfin a kira su ƙauye, ba su kai a yi musu kwalliyar birni ba, sai suka zauna a tsakiya, jama'a na ƙaruwa, unguwanni na faɗaɗa ba tsari, kayan more rayuwa kuwa na nan yadda aka bar su.

Don a yi adalci, ba kowane abu ne ke hannun ma'aikatar magajin gari ba. Kuran na hannun NIGELEC, kuma yankinmu ya daɗe yana dogara da wutar da ke shigowa daga Najeriya ta layin Katsina. Mun ɗanɗana kuɗar haka a watan Agusta 2023, lokacin da aka yanke wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli: masu walda suka zauna, masu niƙa suka koma gazuwal, masu ƙanƙara suka yi asara. Tashar sola ta Malbaza da aka buɗe a 2018 mai megawat 7 ta taimaka, amma ba ta isa yanki guda ba. Ruwan famfo na cikin birane kuma yana hannun kamfanin ƙasa, wanda tun farkon 2024 ya koma NDE. Tsaro ma haka, kowa ya san halin da ƙauyukan bakin iyaka na wajen Bangi ke ciki da ƴan bindiga, ga ƴan gudun hijira daga ƙasar Sakkwato da muka karɓa. Waɗannan manyan batutuwa ne, za mu yi maganarsu a wani rubutun. Na yau a kan abin da ke kusa da hannunmu ne, wanda ba sai an je Yamai ba: kwata, shara, kasuwa, tasha, mayanka, famfon ƙauye, rufin aji.

Na kuma san ƙananan hukumominmu ba masu kuɗi ba ne. Na zauna da waɗanda suka yi aiki a ciki, sun ce wani lokaci albashin ma'aikata ma da ƙyar yake fita, mutane da yawa ba su biyan lanho, tallafin da ke zuwa daga gwamnati ta hannun hukumar ANFICT kuma bai taka kara ya karya ba. Na yarda. Amma ku duba yadda abin ke zagayawa. Talaka ya ƙi biya don bai ga aiki ba. Hukuma ta ce ba ta yi aiki ba don talaka bai biya ba. Kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara, sama da shekara ashirin ke nan tun zaɓen ƙananan hukumomi na farko a 2004. A ganina mai riƙe da akwati shi ya kamata ya fara, kuma abin da zai fara da shi bai cin ko dala: ya nuna lissafi. In kuɗin kaɗan ne, mu gani da idonmu cewa kaɗan ne, sai mu daina zargi, mu san inda za mu taimaka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma mai gaskiyar da ya ɓoye littafinsa shi ma ya ja wa kansa zato.

Yanzu ma buƙatar ta fi ƙarfi. A watan Afrilu 2024 an rushe majalisun da aka zaɓa a Disamba 2020, aka naɗa masu riƙon ƙwarya. Ko mi ra'ayin mutum game da wannan matakin, abu ɗaya a fili yake: da, in ka ga ba daidai ba, kana iya tare kansilan unguwarku a bakin masallaci ka tambaye shi, don ya san zai dawo neman ƙuri'arka. Yau wannan ƙofar ba ta nan. Abin da ya rage tsakanin mai mulkin gari da mutanen gari shi ne bayani. Hukumomin yanzu suna yawan maganar ƴancin ƙasa da tsarkake dukiyar jama'a, har an kafa hukumar COLDEFF don bin kuɗin da aka ci. To, mai son a yarda da wannan magana a Tabotaki ko Garhanga ko Urno, hanya mafi sauƙi ita ce ya manna kasafin kuɗin garin a bango. Kuma ba alfarma muke roƙo ba. Tun Fabrairu 2011 ƙasar nan ke da dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanan hukuma da takardunta.

Wani zai ce, takarda a bango mi za ta canja? Ga abin da ya faru a Uganda. A farkon shekarun 1990 an bi sawun kuɗin da gwamnati ke aika wa makarantun firamare, aka gano cewa kusan kashi 13 cikin 100 ne kawai ke isa makarantun, sauran na narkewa a hanya. Gwamnati ta fara buga adadin da ta aika kowace gunduma a jaridu, ta kuma sa a manna shi a allon makaranta. Da aka sake binciken a 2001, abin da ke isa ya haura kashi 80. Ba a sauya halin ɗan Adam ba a cikin shekarun nan. Iyaye da malamai ne suka san adadin, wanda ke tsakiya kuma ya san sun sani.

Saboda haka ga abin da muke nema daga masu riƙe da ƙananan hukumomin Madawa da Buza da Keita, su 17 duka, daga Azarori har Ibohaman.

Na ɗaya, a manna kasafin kuɗin shekara a ƙofar ma'aikata da bakin kasuwa, da Faransanci da Hausa, da Tamajak da Fulatanci inda ake buƙata, cikin kalmomin da mai sayar da tumatir zai gane: ga abin da muke sa ran samu, ga inda zai fito, ga inda za shi.

Na biyu, duk bayan wata uku a karanta abin da ya shiga da abin da aka kashe a gidajen rediyon gari, a buɗe layin waya mutane su yi tambaya. Yawancin iyayenmu mata ba su karanta boko, amma ba wadda ba ta san lissafin kuɗi ba.

Na uku, kowace kasuwa ta samu allo da za a rubuta abin da aka tara a ranar kasuwar da ta wuce. A kuma yanke wani kaso sananne na kuɗin da zai tsaya a kasuwar don shara da makewayi da ruwa. Nawa ne kason, a zauna da ƴan kasuwa da sarakunan sana'a a daidaita. Haka ma kuɗin da ake karɓa a kan buhun albasa: manomin da ya kwana yana ban-ruwa yana da haƙƙin ya ga wani abu ya dawo kan hanyar da ke fitar da kayansa daga fadama.

Na huɗu, a buɗe layin gyara a cikin kasafi, a rubuta shi daban, kada a haɗa shi da kuɗin mai ko na tarbar baƙi. Kafin a karɓi kowane sabon gini daga hannun mai tallafi, a faɗa wa jama'a nawa gyaransa zai ci a shekara da wanda zai biya.

Na biyar, a yashe kwatoci a watan Mayu, kafin ruwan farko. Daminar 2024 ta koya mana darasi, ɗaruruwan mutane suka rasu a faɗin ƙasa, gidaje suka zube, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Buhun shinkafar da ake rabawa bayan gida ya faɗi bai kai darajar shebur ɗin da aka sa a kwata tun da wuri ba.

Na shida, kwamitocin ruwa da na makarantu da na likita su riƙa karanta littafinsu a bainar jama'a sau biyu a shekara, kuma a sa mata a wurin riƙon kuɗi, tunda su ne masu biya kuma su ne masu wahala in abin ya tsaya.

Mu ma da namu laifin, kuma in ban faɗe shi ba na yi rashin gaskiya. Mu ne masu juye shara a kwata da dare. Mu ne masu ce wa mai tikiti, "Riƙe rabi, bar takardar," muna ganin mun yi wayo, alhali mun taya shi cin kuɗin garinmu. Mu samari muna kwana a fada muna shan shayi muna zagin hukuma, amma in an kira gayyar share unguwa sai mutum biyar su fito. Iyayenmu a zamanin Samariya sun gina azuzuwa da hannunsu, ko da yake wani lokaci da tilas a ciki. Mu da ba wanda ya tilasta mana, ya kamata mu yi abin da ya fi. Ƴan'uwanmu na Abijan da Tarabulus kuma, Allah ya saka muku, kun gina masallatai da yawa a ƙauyukanmu. In za ku sake haɗa kuɗi, ku tambaya ko famfon da ke kusa da masallacin yana zuba, ku kuma nemi a nuna muku littafi kafin ku aiko.

Daga wannan mako, ga abin da muke roƙon kowane mai karatu. In ka biya tikiti, karɓi takardarka ka ajiye. Ku haɗu ku uku ko huɗu, har da mace aƙalla ɗaya, ku je ma'aikatar garinku cikin ladabi, ku gaida mutane, ku nemi a nuna muku kasafin bana. Kada ku zagi kowa, kada ku ɗora wa kowa sata ba da shaida ba. In an nuna muku, ku gode, ku kwafa, ku aiko mana mu wallafa tare da yabon wanda ya nuna. In an hana ku, ku rubuta ranar da amsar da aka ba ku, ku koma bayan mako biyu. Za mu tattara abin da ya fito daga ƙananan hukumomin nan 17 mu jera shi a nan, kowa ya ga wadda ta buɗe littafi da wadda ta rufe.

Famfon ƙauyen gwaggo ya dawo aiki, ƴan bida ne suka haɗa kuɗin gyaran. Amma matan garin sun kafa sharaɗi kafin su ci gaba da biyan dala biyar: kowace Juma'ar ƙarshen wata, bayan la'asar, wani ɗalibi zai karanta littafin a ƙofar gidan mai gari, akwatin kuma makulli biyu gare shi, ɗaya na hannun mace. Wata na biyar ke nan ana yi. Gwaggo ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ran nan a waya ta faɗa mini abin da ke cikin akwatin har da canji. Babbar jikarta kuwa har yanzu ba ta koma lakkwal ba, muna kan lallashin ubanta.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.